Awon Wanga Yaro

Aliero.

Zuwa ga Yaya Labbo mai gyaran keke, Jega Sabon Gari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin kunnen? Maccido direba ya ce mini yanzu ko guduma aka buga a bayanka ba ka juyawa, shi ya sa na aje waya na ɗauki biro. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne. Ɗiyata Hafiza ta fi ni hannu, amma wagga magana ba ta kunnenta ba ce.

Maganar wanga yaro ce. Ka san wanda nake nufi, kada ka sa ni abin da ban taɓa yi ba. Shi ne ɗan farina. Tun ranar yaye da Inna ta goye shi ta tahi da shi Jiga Birni, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Haka muka taras, haka aka yi mana mu ma.

Ka ji ya samu aikin malamin dabbobi a Maiyama, yana shiga rugage yana yi wa shanu allura. To, wata mata ta zo sayen albasa gidan nan, ba ta san ni da shi ba. Tana zaune tana ba mu labarin wani ɗan guntun likita da ke zuwa rugarsu a ƙasa, rataye da akwatin sanyi na allura, akwatin na dukan gwiwarsa, yara na binsa suna kwaikwayon tafiyarsa. Matan gida suka yi dariya. Ni kuma na ce Allah sarki, kamar labarin ɗan wasu. Yaya, rannan ban ci tuwo ba.

Babur ya fi ƙarfinsa, ba ya iya riƙe shi, ka sani. Keken manya na kasuwa sirdinsa a ƙirjinsa yake tsayawa. Na yara kuwa, mai ja da kore da kwandon roba, ina za a ga mutum mai gemu da takardar shaidar karatu a kansa? Ai gara tafiyar ƙasan.

Don Allah ka haɗa masa keke daidai shi, baƙi, irin na dattawa, wanda zai ɗauki akwatin a baya. Na sayar da albasar da na aje, Maccido zai damƙa maka abin da aka samu. Sharaɗi ɗaya ne, ka ce daga gare ka ya fito. Kada ko a mafarki ya ji da hannuna ciki.

Ka gaida matarka Raihana da yara. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka, Dije.

*

Jega Sabon Gari.

Ke Dije,

Wa alaikumussalam. Muna lafiya, Raihana na amsawa. Kunne shina nan manne da kai, aiki ne kawai ya aje.

Abdulmajid. Ga shi nan na rubuta, kuma takarda ba ta kama da wuta ba. Ke dai har ki tsufa kina wanga yaro, wanga yaro, kamar ɗan aiken maƙwabta. Inna ta rasu, mijinki ya rasu, wa ya rage da za ki ji kunyar idonsa? Amma na san ki tun kina rarrafe, ba a juya ki, don haka bari in shiga maganar keke.

Zan yi. Ina da tsohon firam mai nauyi, irin ƙarfen da, ba gwangwanin yanzu ba. Zan yanke shi in sauke shi ƙasa in yi walda da hannuna. Taya lamba ashirin da huɗu zan sa, ba ashirin da takwas ta manya ba. Ƙarfen feda zan rage masa tsawo don kada gwiwarsa ta riƙa dukan haɓa. Kan keken zan jawo shi baya, hannun birki kuma in matso shi, tunda tafinsa ƙarami ne. Kariyar ɗaukar kaya a baya zan yi mai ƙafa huɗu saboda akwatin.

Amma ki saurara da kyau. Dogo in sirdi ya yi masa ƙasa, gwiwa kawai zai lanƙwasa ya yi tafiyarsa. Gajere in sirdi ya yi masa sama, in ya tsaya babu abin da zai tare shi sai ƙasa, ga kuma kaya a baya suna jansa. Sirdi ana ɗaga shi sama, amma ba ya sauka ƙasa da inda na yi walda. Saboda haka ban taɓa zarto sai na ga awo.

Abin da ya fi sauƙi ki turo mini shi Jega in auna shi da kaina. Rabona da shi tun zaman makokin Inna, kuma ido ba ya awo. In kin ƙi wannan, to a tsayar da shi jikin bango, ba takalmi, na ce ba takalmi, a ja zare daga ƙasa zuwa inda ƙafafu suka rabu, a ƙulla. A sake ja daga kafaɗa zuwa tsakiyar tafi, a ƙulla. A ja zaren ya miƙe, ban son sako-sako.

Sai kuma rubutu. Duk keken da na haɗa ina rubuta sunan mai shi a jikin firam da farin fenti. Wadda ta biya ita ke faɗin abin da za a rubuta. Mi zan sa?

Ki gaida Hafiza. Ki ce Kawu ya ce ta bar cin ɗanyar albasa in tana son miji.

Yayanki, Labbo.

*

Aliero.

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ga ɗan soyayyen nama nan a hannun Maccido.

Ba zan turo shi ba. Ka san shi, ko tela ya yi masa wasa da tsawonsa ba ya sake taka shagon. In ya ji an yi shawarar yanka ƙarfe saboda gajartarsa zai ce a bari, kuma in ya ce a bari an bari ke nan.

Ya zo Sallah, ya yi ɗan kwanaki a ɗakin zaure, ya koma. Ya rame. Na sa Hafiza ta riƙa ƙara masa nama ba tare da ta ce ni na sa ba.

Ga zaren nan cikin takarda, irin wanda muke ɗinke bakin buhu da shi. Ƙullin farko na ƙafa ne, na biyu na hannu. Na ja shi ya miƙe kamar yadda ka ce. Kada ka tambaye ni yadda aka yi.

Maganar rubutu kuwa, kai da fentinka. Ni ban san abin da ake sawa ba.

Ƙanwarka, Dije.

*

Jega Sabon Gari.

Dije,

Salamu alaikum. Nama ya iso, Raihana ta ce gishiri ya ji, ni dai na cinye rabona ban ga laifinsa ba.

Keke ya tashi. Wallahi ban taɓa haɗa abin da ya yi mini daɗi irinsa ba. Baƙi wul, ƙararrawa sabuwa, kaca tana tafiya shiru kamar maciji a rairayi. Mutane sun yi ta tsayawa bakin rumfa suna kallo, har wani alhaji ya taya wa ɗansa, na ce mai shi malami ne, ba na yara ba ne. Na ɗora shi a motar Maiyama da takarda mai cewa kyautar Kawu ce. Ƙaryar tana wuyanki.

Gaskiya da na shimfiɗa zarenki a kan ƙarfe sai da na tsaya. Ya yi mini tsawo a kan Abdulmajid ɗin da na sani. Na ce to, ƙila ya ɗan ƙara, ƙila kuma idona ya bi kunnena. Tunda kin ce an ja, na bi zare.

Wurin suna na bar shi fanko. Ba na rubuta wanga yaro a jikin aikina.

Labbo.

*

Maiyama.

Zuwa ga Kawuna Malam Labbo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta ladabi da girmamawa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Gwaggo Raihana da 'yan'uwana.

Keke ya iso lafiya, ko ƙwarzane babu. Kawu, ban san da wane baki zan gode ba. Rugar da nake isa rana ta take, ƙanƙarar akwati ta narke, yanzu ina isa ba a saki shanu ba. Yaran da ke bina suna kwaikwayo har yanzu suna bina, amma roƙo suke in bar su su kaɗa ƙararrawa. Ardon rugar ya zagaya keken ya ce ai ko shi yana so a yi masa irinsa.

Akwai maganar da nake so ta tsaya tsakanina da kai. Na san ba kai ka saya ba.

Washegarin Sallah na wanke kayana na shanya a igiyar bayan ɗaki. Da azahar, gida ya yi shiru kowa ya ci nama ya kwanta, na tashi zan sha ruwa. Ta tagar zaure na hango Adda. Ka san haka nake kiranta tun ina yaro, yadda na ji ƙannenku na kira. Tana tsaye gaban wandona da zare a hannu. Ta duba dama ta duba hagu kamar mai shirin sata, ta ɗora zaren daga hantsa zuwa bakin ƙafa, ta ƙulla. Ta yi wa hannun riga haka. Da ta gama ba ta tafi ba. Ta kama ƙafar wandon ta riƙe, ta daɗe a haka. Ni kuma na koma na zauna, ruwan ma ban sha ba.

Abin da ba ta sani ba, ni wandona da tsawo nake sa a ɗinka mini, don ya rufe takalmin da nake sa wa ƙarin dunduniya. Abin kunya ne, amma kai Kawu ne. Don haka keken ya fi ni da kamar yatsu huɗu. Ina taka feda lafiya in na zame gaba kaɗan. Tsayawa ce matsala, sai na nemi tudu ko kututture, in babu in diro gefe. Na fara ƙwarewa.

Na san abin da za ka ce, in kawo a yanke. Kawu, ka yi haƙuri. A iya sanina wannan ne abu na farko da ta taɓa yi mini da hannunta, ba ta hannun Inna ko Hafiza ba. In aka yanke, labari zai kai Aliero, Maccido ba ya riƙe magana. Za ta gane cewa ba ta san tsawon ɗan da ta haifa ba. Ni na daɗe da sanin haka kuma na saba, ita ce ban so ta sani.

Ina roƙonka da girman Allah kada ka faɗa mata. Allah ya ƙara girma, ya bar mana kai.

Ɗanka mai biyayya, Abdulmajid.

*

Jega Sabon Gari.

Abdulmajid,

Wa alaikumussalam. Na karanta takardarka na aje, na sake ɗauka. Kai da uwarka kun ishe ni. Ita tana auna wando, kai kana leƙe ta taga, ni kuma an bar ni da zarto a tsakiya.

Yatsu huɗu ba wasa ba ne, ɗana. Ni na haɗa abin nan, na san inda zai ci amanarka. Ga damina ta sauka, gefen kwalta duk ya zaizaye, ga manyan motoci a hanyarku ba su san mutum ba. Ranar da za ka tsaya ba shiri, ba za ka samu kututture ba.

Ka kawo shi. Yini ɗaya ya ishe ni, in yanke in shafe da fenti, ko aljani ba zai gane ba. Maccido kuwa zan aike shi sayen goro har mu gama. Ba zan faɗa mata ba, na yi alkawari, amma kai ma ka yi mini naka.

Kada ka ce sai an gama allurar damina. Na san ku masu aikin gwamnati.

Kawunka, Labbo.

*

Aliero.

Yaya Labbo,

Assalamu alaikum. An buga maka waya ba ka ɗauka ba, na san dalili. Ka yi haƙuri da abin da za ka karanta.

Wanga yaro ya faɗi. Yana dawowa daga ruga, tirela biyu suka gamu a hanya, ya kauce gefe ya taka birki. Motocin ba su taɓa shi ba. Waɗanda suka gani sun ce ya miƙa ƙafa zai dafa ƙasa, ƙafar ba ta kai ba, akwatin ya ja shi ya gangara cikin kwalbati, keken ya bi shi. Cinyar hagu ta karye, ƙashin ya huda fata. Fulanin da yake wa aiki su suka ɗauko shi har nan Aliero wurin Malam Ladan mai ɗori.

An yi ɗorin a nan gida, a ɗakin zaure. Maza suka danne shi. Ina bayan bango ina tsince shinkafa, don kada a ce uwar ɗan fari ta kasa zama. Na ji lokacin da aka ja ƙafar. Inna ya kira, Yaya, Innar da ke cikin ƙasa. Ni da nake nan, bango kawai tsakaninmu, bai kira ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Zuciyata ta yi mini ciwon da ban taɓa ji ba.

Hafiza ke kai masa abinci da ruwa. Ni ina zuwa bakin ƙofa in ce ya mai jiki, ya ce da sauƙi Adda, in juya.

Keken yana nan jingine a tsakar gida, kan ne kawai ya karkace. Ina wucewa ina kallonsa. Akwai abin da nake so in tambaye ka, kuma ina tsoron amsar. Kai ka ce in aka bi awo ƙafarsa za ta kai ƙasa. Mi ya sa ba ta kai ba?

Dije.

*

Jega Sabon Gari.

Dije,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Jiya da na zo dubiya gida cike yake da mutane, kuma in za a yi magana da ni sai an ɗaga murya duk unguwa ta ji. Shi ya sa na dawo na rubuta.

Na yi wa Abdulmajid alkawarin ba zan faɗa ba. Yau na karya, Allah ya yafe mini. Ƙafarsa ba ta kai ba don wando kika auna. Wandonsa ya fi shi tsawo da yatsu huɗu, da gangan yake sa a ɗinka haka saboda takalmi mai tudu. Ya gan ki ta taga rannan. Ya san ke kika saya tun ranar da keken ya isa. Na ce ya kawo in yanke, ya yi ta ja mini rai, wai kada ki gane kin yi kuskure ranki ya ɓaci. Don ke ya riƙa hawa abin da ya fi ƙarfinsa.

Ban ɗora miki ke kaɗai ba. Ni na ga zaren ya yi tsawo na yanka. Ni ya gaya wa gaskiya, na tsaya rubuta takarda maimakon in hau mota in je in ƙwace keken. Tun jiya ban iya riƙe guduma ba.

Amma ki ji ni, ƙanwata. Kunyar ɗan fari ba farilla ba ce, ba a tambayar kowa ita a kabari. Na ga idonsa jiya, duk wanda ya ɗaga labule sai ya duba, in ya ga ba ke ba ce sai ya mai da kai. Ki shiga ɗakin nan. Ki zauna. Ƙafar dama lafiyarta lau, ki ɗora zare a kanta da hannunki, ki aiko mini. Na sa Maccido ya kawo mini keken, na rantse ba zan taɓa shi ba sai da awon da ke kika yi a jikinsa.

Ban son warin da na ji a wurin raunin. In zazzaɓi bai sauka ba a kai shi asibiti, kada a tsaya jiran ƙashi.

Yayanki, Labbo.

*

Aliero.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da rubutun, a kwance nake yi. Na gode da zuwa, na gode da lemo.

Na san ka faɗa mata. Ba wanda ya gaya mini. Da, in ta zo bakin ƙofa tambaya ɗaya take yi ta juya. Yanzu sai ta tsaya. Ina ganin ƙafafunta ta ƙarƙashin labule, har na san yatsanta ɗaya ya karkace, abin da ban taɓa lura ba. Shekaranjiya labulen ya motsa, na yi sauri na rufe ido don in sauƙaƙa mata, amma sai na ji takunta ya koma. Ban yi fushi da kai ba. Da farko na yi, ya wuce.

Malam Ladan ya ce ƙashi yana kamawa, amma shi ma ya ce raunin ya fi ƙarfin maganinsa, a nemi likita. Zazzaɓin yana zuwa da yamma, in ya zo har surutai nake yi, Hafiza tana yi mini dariya. An ce in Maccido ya dawo daga kai kaya za a kai ni Birnin Kebbi.

Ardo ya aiko da nono da man shanu, ya ce shanu na gaishe ni. Ka ga ashe gajere ma ana kewarsa.

Maganar keke, na yarda a yanke. Na kuma yarda da sharaɗinka da na ji a bakin Maccido, cewa sai Adda ta auna ni da hannunta. Na sa Hafiza ta kwashe takalman nan masu tudu ta ba almajiran ɗinkin takalmi su yi abin da suka ga dama da su, na gaji da su. In ta shigo za ta same ni yadda Allah ya yi ni. Ba na gaggawa, Kawu, na iya jira, ai na daɗe ina yi.

Ka gaida Gwaggo. A sa ni cikin addu'a.

Ɗanka, Abdulmajid.

*

Aliero.

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode da zaman makoki, Allah ya ba da lada. Kana cikin maza, ban samu na gaya maka ba.

Na shiga. Da hantsi ne, ranar da ake jiran mota. Jikinsa kamar garwashi, idonsa a rufe. Na tsaya a kansa, sannan na kira sunansa. Ya buɗe ido ya dubi ƙofa, yana neman wanda ya yi kiran. Da ya ga ni kaɗai ce sai ya ce, Adda, ni? Na ce kai.

Na zauna a tabarmarsa. Na ɗora zaren a ƙafar dama. Ya ce in ja sosai, Kawu ba ya son sako-sako. Na ja. Ban san ƙafar tasa ƙarama ce haka ba, duk tafin ya shige cikin hannuna. Ina riƙe da ita har motar ta iso, kuma ni na riƙe ta a hanya. Ko Jega ba mu kai ba.

Ga zaren nan. Ka yanke keken daidai shi. Kada ka sayar, kada ka ba kowa, ka aiko mini da shi gida.

Wurin da ka bari fanko, ka rubuta Abdulmajid.

Na bar ka lafiya.

Dije, uwar Abdulmajid.